Neko a kan tsohuwar laftof: a gida yana aiki, daga waje sai baƙin allo

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masu Linux da Docker a cikinmu. Ina koya wa mutum bakwai yadda ake gina shafin intanet da WordPress, bayan sallar isha'i, sau uku a mako. Uku suna nan Kano, biyu a Kaduna, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Kumasi. Da Zoom muke yi, ina nuna musu allona suna kallo, kuma na gane mai kallo ba ya koyo. Washegari in na ce wa ɗalibi ya yi abin da ya gani jiya, sai ya tsaya yana neman inda maɓallin yake.

Shi ya sa na ɗora Neko. Burauza ce da ke gudana a cikin kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen akwatin manhaja a cikin inji, kowa ya shiga ta adireshi ɗaya, duka mu ga shafi ɗaya, sannan in miƙa wa wanda na ga dama linzami ya yi da hannunsa. Na sa ta a tsohuwar laftof ɗina mai Ubuntu. A cikin gida, da waya da kwamfuta duk suna shiga lafiya lau, har sauti. Don na waje su shigo na haɗa da Cloudflare Tunnel, wato ramin da ke kawo baƙi daga intanet zuwa injin da ke cikin gida. Shafin shiga yana buɗewa, kalmar sirri tana karɓuwa, daga nan sai abu ya yi ta juyawa, allo baƙi ƙirin. Kwana biyu ke nan ina kai. Me na bari?

Sadiq_Dev:
Wa alaikumus salam. Malam, ai Zoom ɗin ma yana da wurin ba wa wani ikon sarrafa allonka. Me ya sa ka sha wannan wahalar?

Baban Hanifa:
Na sani Sadiq. Amma wancan kwamfutata gaba ɗaya nake miƙa masa, da takarduna da hotunan iyalina. Ga kuma yankewar minti 40 a na kyauta. Ni burauza kawai nake so su taɓa, wadda in ta lalace in goge ta in tayar da sabuwa.

Injiniya Gwale:
Baban Hanifa, babu abin da ka ɓata a cikin kwantenar. Matsalarka hanya ce. Neko hanya biyu yake amfani da su, kai ka buɗe ɗaya.

Ta farko ita ce shafin da kansa, da kalmar sirri da akwatin hira. Wannan yana bi ta ƙofa 8080, kuma irin wannan zirga-zirgar ce Cloudflare Tunnel ya iya ɗauka, shi ya sa kake ganin shafin shiga. Ta biyu ita ce hoto da sauti. Su ta WebRTC suke tafiya, kai tsaye daga sabarka zuwa burauzar ɗalibi, a kan UDP, ta ƙofofi 52000 zuwa 52100 idan ka kwafi misalin da masu shi suka bayar. Wannan ba ta shiga ramin Cloudflare ko kaɗan. Sabarka tana gaya wa wayar ɗalibi "same ni a adireshi kaza", wayar ta je ta ƙwanƙwasa, babu wanda ya amsa. Baƙin allon ke nan.

Yi min abu ɗaya. Shiga shafin rautarka ka duba adireshin IP da kamfani ya ba ta, sannan ka tambayi Google adireshinka na waje. Ka gaya min ko sun zo ɗaya.

Baban Hanifa:
Ranka ya daɗe ba su zo ɗaya ba. Na rauta yana farawa da 100.72, na Google kuwa wani daban ne can.

Injiniya Gwale:
To shi ke nan, kana bayan CGNAT. Duk adireshin da ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 an ware shi ne don wannan aikin. Adiresoshin IPv4 sun yi kaɗan, sai kamfanonin waya suke haɗa mutane da yawa a kan adireshi ɗaya. Kamar gidan haya ne mai zaure ɗaya: kai kana iya fita ka dawo da saƙo, amma baƙon da ya zo zaure ba shi da yadda zai san ɗakinka, kuma makullin zauren ba ya hannunka. Ko ka buɗe ƙofofi ɗari a rautarka, ƙofar ɗakinka ka buɗe, zaure yana rufe. Layukan waya haka suke, Starlink ma a tsarinsa na gida haka yake. Wani lokaci STUN, dabarar da inji ke gano adireshinsa na waje da ita, yana iya huda hanya, amma idan kai da ɗalibi duk kuna bayan irin wannan katangar, sau da yawa ba ta ɓullewa.

Mafita huɗu na sani. Ka nemi kamfaninka ya sayar maka da adireshin kanka, in suna yi. Ko ka sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urori kamar suna gida ɗaya, a sabar da na'urar kowane ɗalibi. Ko ka tayar da coturn a wata saba ta waje ta riƙa yi muku tsani. Ko ka kwashe komai ka mayar VPS, wato sabar haya a intanet. Ni ta ƙarshen zan ba ka shawara.

Sadiq_Dev:
Ni ban yarda da VPS ba, Yaya Injiniya. Mutum yana da inji a gida kyauta, me zai sa ya riƙa biyan dala duk wata? Kuma kowa ya san fitinar biyan kamfanin waje da katin naira. Tailscale ya isa. Ya sa adireshin Tailscale ɗin a saitin NEKO_WEBRTC_NAT1TO1, an gama. Ni haka nake shiga injina daga ofis.

Injiniya Gwale:
Kai kaɗai kake shiga naka, ƙanena. Shi mutum bakwai ne. Mu yi lissafi. A ce hoton yana cin megabit 2 a daƙiƙa, wanda ba wani mai yawa ba ne. A awa ɗaya megabit 7,200 ke nan, raba takwas, MB 900 ga mutum ɗaya. Neko sau ɗaya yake matse hoton, amma kowane mai kallo sai an aika masa nasa kwafin. Mutum bakwai, megabit 14 a daƙiƙa suna fita daga gidan Malam, GB 6.3 a awa. Layin waya da daddare, lokacin da kowa ke kan TikTok, zai riƙe megabit 14 na aikawa har awa ɗaya bai girgiza ba? Kuma datar da zai ƙona a wata, ka kwatanta da kuɗin VPS. Injin kyauta ne, hanyar ce ba kyauta ba.

Ban ma zo maganar wuta ba. Batirin laftof zai riƙe, rauta fa?

Sadiq_Dev:
Lissafin aikawa na karɓa, ban yi tunanin bakwai ba. Maganar wuta kam, ƙaramin batirin rauta ya magance ta.

Hajiya Mai Kafe:
Ku dakata 'ya'yana, duk kuna lissafin aljihun malami, babu wanda ya yi na ɗalibi. MB 900 ɗin nan daga wayar wa za ta fita? Sau uku a mako, awa goma sha biyu ke nan a wata, kusan GB 11. Ina da kafe shekara da shekaru, ina ganin yaran da ke zuwa cike fom ɗin JAMB, wani sai ya kashe data tsakanin shafi da shafi don kar ta ƙare. Baban Hanifa, kafin ka sayi komai ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko za su iya. A gaban 'yan uwansa kowa zai ce babu damuwa, sai mako na uku ka ga mutum ya fara cewa yana da uzuri.

Baban Hanifa:
Wallahi Hajiya kin taɓo inda ban duba ba. Zoom ɗin ma yana cin data, amma ban taɓa aunawa ba.

Injiniya Gwale:
Gaskiya Hajiya ta faɗa, kuma akwai abin yi. Darasin WordPress ba fim ba ne, yawancin lokaci allon tsaye yake. Rage girman allo zuwa 1280x720 ko ƙasa, rage yawan hotunan da ake aikawa a daƙiƙa, rage adadin megabit ɗin da ka yarje masa. Abin da ake bukata rubutu ya karantu. Wannan zai sauƙaƙa wa sabar ita ma, don matse hoto shi ne aikin da ya fi cin ƙarfin inji. Masu Neko da kansu sun nuna cewa ƙwaƙwalwar CPU biyu da RAM GB 2 ba su wadatar ba, daga huɗu ake fara jin daɗinsa. Kar ka sayi VPS mafi arha ka zo kana cewa yana tsinkewa.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni daga Zinder nake, ina kula da injuna a wata ƙaramar ma'aikata. Ina so in ƙara magana a kan inda sabar za ta zauna, tunda akwai ɗalibi a Maraɗi. Haske a cikin zaren faiba yana cin kamar kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan saba tana Jamus ko Faransa, duk motsin linzami sai ya gangara teku, ya hau Turai, hoton ya dawo ta wannan hanyar. Mu a Nijar ba mu da bakin teku, sai mun ratsa ƙasar maƙwabta kafin mu kai ga wayoyin ƙarƙashin ruwa. Mai kallo ba zai ji komai ba. Wanda ke riƙe da linzami shi zai ji kamar hannunsa yana cikin ruwa, musamman wajen jan abu daga nan zuwa can.

Amma kar ka ce saboda haka gida ya fi. Tsakanin Kano da Maraɗi tafiyar ƴan awoyi ce a mota, amma ba lallai saƙon intanet ya bi ta Jibiya ba, yana iya zagawa nesa kafin ya iso. Gwada kawai. Ka ce wa kowane ɗalibi ya yi ping, wato ya auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, zuwa wurare biyu ko uku da daddare, lokacin darasi, ba da safe ba lokacin da rezo ke da kyau. Kuma ku tuna watan Maris na 2024, da wayoyin teku huɗu suka yanke a wajen Kodebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Duk wanda aikinsa ke kan sabar Turai ya ji a jikinsa. Ka ajiye fayil ɗin docker-compose mai saitunan kwantenarka a gida, ranar da irin haka ta faru ka san kana da abin tayarwa.

Sadiq_Dev:
Tunda dai VPS za a je, me zai hana Kasm Workspaces? Ya fi Neko tsari nesa ba kusa ba. Kowa ya samu burauzarsa, ya gama a share. Kuma ta HTTPS yake tafiya, babu wannan ciwon kan na UDP.

Injiniya Gwale:
Kasm abu ne mai kyau, amma don a ba kowa ɗakinsa aka gina shi. Burauza bakwai a lokaci ɗaya RAM ɗin burauza bakwai za su ci, kuma na kyautarsa zama biyar ne kawai a lokaci guda. Apache Guacamole shi ma don shiga inji daga nesa ne ta RDP ko VNC ko SSH. Abin da Malam yake so shi ne tabarma ɗaya kowa ya zauna a kai, allo ɗaya yana zagayawa hannu zuwa hannu. Neko tun asali don haka aka yi shi. Akwai wani shafi da ake kira Rabb.it da mutane ke taruwa su kalli bidiyo tare, aka rufe shi a 2019, sai wani ya rubuta Neko don shi da abokansa su ci gaba da kallonsu. Sunan ma kyanwa yake nufi da Japananci. Shi ya sa sautinsa yake tafiya daidai da hoto, kuma miƙa linzami yake cikin jininsa.

Ummi_Kaduna:
To Malamai ashe za mu iya kallon fim tare da ƙawayena da ke makarantu daban-daban? Mutum ɗaya ya biya, sauran su kalla?

Hajiya Mai Kafe:
Injin zai yi, 'yata. Amma abin da aka sayar wa mutum ɗaya ko gida ɗaya, a raba wa goma, haƙƙin waɗanda suka zuba kuɗinsu suka yi fim ɗin ne. Kin san yadda satar fasaha ta durƙusar da masu sana'ar fim a garin nan. Abin da aka saki kyauta a YouTube ku kalla tare, babu laifi.

Bari in koma kan Baban Hanifa, don akwai abin da ya fi data damuna. Burauzar nan guda ɗaya ce. Duk asusun da ka shiga a cikinta, wanda ka miƙa wa linzami ya shiga shi ma. A kafe na sha ganin mutum ya tashi ya bar imel ɗinsa a buɗe, na bayansa ya zauna ya tarar da komai. Akwai wata baiwar Allah da ta dawo min tana kuka, an canza mata kalmar sirri, takardun neman aikinta duk suna ciki. Tun daga ranar na sa injunana suna goge komai da zarar mutum ya tashi. Kai kuma naka ya fi wannan, don kana zaune kana kallo za a buɗe sabon shafi, kafin ka karɓe linzami an ga abin da aka gani. Kar ka shiga Gmail ɗinka a ciki, kar ka shiga banki, kar ka shiga wurin da ka sayi sunan shafinka. Ka buɗe WordPress na gwaji, da asusun da ko an ɓata shi ba za ka yi asara ba. Ba wai ɗalibanka ba su da amana ba ne. Kalmar sirrin da mutum bakwai suka sani, mako biyu ta isa ta kai ga na takwas.

Injiniya Gwale:
Allah ya saka wa Hajiya. In ɗora a kai ta ɓangaren inji.

Kalmomin sirrin da ke cikin misalin su ne neko da admin. Duk wanda ya san manhajar ya san su, kuma akwai injunan da aikinsu ke nan dare da rana, bin adiresoshi suna gwada ƙofofi. Wanda ya shiga ya samu burauza kyauta da adireshinka, duk ɓarnar da ya yi da sunan sabarka za a rubuta. Canza su kafin ka tayar da kwantenar, ba bayan ka tayar ba.

Wani abin da ke kama mutane da yawa: idan ka fitar da ƙofa ta Docker, ufw, mai gadin ƙofofi na Ubuntu, ba ya tare ta. Docker yana rubuta nasa dokokin a iptables, su ake fara bi. Sai ka ga ufw yana cewa 8080 a rufe take alhali duniya na shiga. Rubuta 127.0.0.1:8080:8080 a fayil ɗinka, ka sa manhajar Caddy a gaba, shi zai karɓo maka takardar HTTPS ta Let's Encrypt ya riƙa sabunta ta da kansa. HTTPS ɗin ba ado ba ne, sai da shi burauza ke yarda a kwafi rubutu daga injin ɗalibi a manna a ciki kai tsaye.

Ka zaɓi samfurin Neko mai Firefox. Na Chromium a tsofaffin misalan yana neman a ba shi SYS_ADMIN, kuma ƙarin iko ne da ban son bai wa kwantenar da baƙi ke wasa a ciki. Kar ka manta saitin shm_size, GB 2 suke sawa, in babu shi shafuka za su riƙa mutuwa. Sannan ka lura sunayen saituna sun canza a sigar 3, abin da yake NEKO_EPR da NEKO_NAT1TO1 a da yanzu akwai WEBRTC a tsakiya. Yawancin bayanan da za ka samu a intanet na tsohuwar ne.

Sadiq, ga wani dalilin da ya sa ban so gida ba. Burauzar da ke cikin laftof ɗin Malam tana cikin gidansa. Ɗalibi ya rubuta 192.168.0.1, ga shafin rauta a gabansa, da duk wata kyamara ko firinta da ke kan layin. A VPS ba zai tarar da kayan gidan Malam ba.

Sadiq_Dev:
Wannan ta ƙarshen ta gamsar da ni. Ana iya tare shi da dokokin iptables, amma ba aikin da zan ɗora wa wanda ya fara Docker wannan watan ba ne.

Baban Hanifa:
Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi maganar Hajiya na kira su ɗai-ɗai. Biyu sun ce min gaskiya datar za ta yi musu nauyi. Sai muka sauya tsari: bayani ta saƙon murya a WhatsApp tun da rana, Neko kuma minti talatin kawai na aiki da hannu.

Na kama VPS mai ƙwaƙwalwa huɗu a Turai, bayan kowa ya yi ping kamar yadda Ɗan Damagaram ya ce. Firefox, Caddy a gaba, na rage nauyin hoto. Shida suka shiga nan take. Na Maraɗi shi kaɗai ya ci gaba da ganin baƙin allo, sai da na buɗe ƙofa ɗaya ta TCP da saitin tcpmux, sannan hoto ya zo masa. Da alama layinsa ne ba ya barin UDP ta wuce yadda ya kamata.

Jiya na miƙa wa na Kumasi linzami na ce ya canza tsarin adireshin rubuce-rubuce. Mutumin nan wata biyu yana ce min ya gane. Kibiyar ta tsaya cak a tsakiyar allo, ta yi sama, ta dawo, ta nufi wajen Appearance. Na kame bakina. Sai ga sauran a akwatin hira: "ƙasa Alhaji", "a'a ka wuce", "Settings, Settings". Ya buɗe, ya samu Permalinks, ya zaɓa, ya manta bai danna adanawa ba, wata daga Kaduna ta tuna masa. Ya ɗauki minti huɗu a abin da nake yi a daƙiƙa goma, kuma da na ce ya sake, bai tambayi kowa ba.

Matsala biyu suka rage. Masu waya suna wahala wajen jan abu da yatsa, don haka aikin da ke bukatar ja sai na bai wa masu kwamfuta. Sannan ƙ da ɗ da ɓ, wasu in sun buga daga madannansu ba sa fitowa daidai a ciki, sai dai su kwafo su manna.

Ɗan Damagaram:
Alhamdulillahi. Maganar haruffa masu lanƙwasa, ka buɗe shafi ɗaya a cikin WordPress ɗin gwajin ka rubuta su duka, manya da ƙanana, har da ƴ tamu ta Nijar, ka bar shi a buɗe a gefe. Mai bukata ya kwafa daga nan cikin burauzar, ba sai ya fita ba.

Baban Hanifa:
Na yi yanzu, ya yi aiki. Injiniya, wata tambaya: mako mai zuwa ina so in raba su gida biyu, kowane rukuni da burauzarsa, ni in riƙa leƙawa. Na ga ana maganar neko-rooms. Sabar nan tawa za ta ɗauki ɗaki biyu?

Injiniya Gwale:
Kowane ɗaki kwantena ce mai zaman kanta, da burauzarta da matse hotonta da nata ƙofofin UDP, don haka nauyin zai kusa ninkawa. Yau da daddare, ana tsakiyar darasi, buɗe wata taga ka buga docker stats, ka turo min abin da ya nuna lokacin da wani ke gangara shafi mai hotuna. Daga nan za mu san ko akwai wurin na biyu.